LOUIS BRAILLE, ƊAN BADUKUN COUPVRAY

Coupvray wani ɗan ƙaramin gari ne a ƙasar Faransa, wajen kilomita 40 gabas da birnin Paris. A zamanin da muke magana a kai, mutanensa manoma ne, masu gonakin alkama da na inabi. Doki shi ne motarsu, shi ne kuma mai jan garmarsu, saboda haka baduku mai ɗinka sirdi da linzami babban mutum ne a garin. Wannan ita ce sana'ar Simon-René Braille, wanda aka haifa wa ɗan auta, Louis, ran 4 ga Janairu 1809.

Yaron yana shekara 3 ya shiga shagon ubansa, ya ɗauki basilla zai huda fata kamar yadda ya ga ana yi. Basillar ta zame ta soke shi a ido. Ciwon ya kama ɗaya idon, kafin ya cika shekara 5 ya makance sarai.

A lokacin nan makomar yawancin makafin Faransa bara ce, kuma mun san wannan hali a garuruwanmu. Amma mutanen Coupvray ba su yar da yaron ba. Firist na garin, Fada Jacques Palluy, ya fara koya masa a gida, ya kuma roƙi malamin makaranta ya bar shi ya zauna cikin aji tare da masu gani. Da kunne kaɗai Louis ya riƙa wuce sa'o'insa. Fadan nan ne kuma ya yi ta faɗi tashi har aka sama masa gurbi a makarantar makafi ta Paris a 1819. 'Yan aji ɗaya da ke kukan gida a makon farko su lura, shekararsa 10 ke nan, ba ya gani, ginin kuwa tsoho ne mai danshi.

Littattafan makarantar kaɗan ne, masu nauyi, an buga su da manyan haruffa masu tudu. Yatsa yakan daɗe yana bin harafi guda, kafin a kai ƙarshen jimla an manta farkonta. Ɗalibi kuma ba shi da hanyar rubuta nasa. Sai aka kawo musu dabarar wani tsohon soja, Charles Barbier, ta rubutu da ɗigo masu tudu har 12. Louis ya gane inda matsalar take: kan yatsa ba ya rufe ɗigo 12 a taɓawa ɗaya. Ya rage su zuwa 6, uku a hagu uku a dama, waɗanda ke ba da alamu 63, sun ishi haruffa da lambobi da alamun kiɗa. Ya kammala wannan a 1824 yana shekara 15, aka buga shi a 1829. Abin da ake huda takardar da shi kuwa ɗan'uwan basilla ne.

Ya zama malami a makarantar, yana kuma kaɗa ogan a majami'un Paris. Sai dai manya masu gani ba su so rubutun ba, domin su ba su iya karanta shi. Har wani shugaban makarantar ya hana shi na ɗan lokaci, ɗalibai suka ci gaba da shi a ɓoye. A ganinmu wannan son kai ne, ba wani abu ba.

Tarin fuka ya daɗe yana cinsa, yakan koma Coupvray ya huta. Ya rasu ran 6 ga Janairu 1852 yana shekara 43, aka binne shi a garinsu. Sai a 1854 hukuma ta amince da rubutunsa. Daga nan ya bazu har ya iso ƙasarmu, inda mishan na SUM suka buɗe makarantar yara makafi a Gindiri a 1953, ana koyar da karatu da ɗigon nan shida.

A 1952 gwamnatin Faransa ta ɗauke ƙasusuwansa zuwa Panthéon a Paris, inda ake ajiye manyan ƙasa. Mutanen Coupvray suka nemi a bar musu wani abu na ɗansu, aka bar musu ƙasusuwan hannuwansa, suna nan a makabartar garin. Gidan badukun kuma ya zama gidan tarihi.