Sheikh Abdullahi ɗan Fodiyo: Malamin da ya auna mulki da ma'aunin shari'a

Cikin jagorori uku da suka kafa Daular Usmaniyya, Sheikh Abdullahi ɗan Fodiyo ne malamai suka fi shaida da zurfi a fikihu, tafsiri da harshen Larabci. Shi ƙanen Shehu Usmanu ne kuma wazirinsa na farko, baffan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma tushen gidan sarautar Gwandu. Tarihi ya fi tunawa da shi da tsayawa kai da fata cewa mai mulki ba ya sama da shari'a, ko da kuwa ɗan gidansu ne.

An haife shi a ƙasar Gobir wajen shekarar 1766, cikin zuriyar Toronkawa da ta shahara da malanta. Ya fara karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara 13 aka danƙa shi a hannun yayansa Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya kuma ɗauki ilimi wajen Malam Jibrilu ɗan Umar, ya karanci Sahihul Bukhari wajen Malam Muhammadu Raji. Sunayen malamansa da littattafan da ya karanta a gabansu ya tattara su a littafinsa Ida'un Nusukh, wanda har yau masana ke dogaro da shi wajen sanin yadda ake neman ilimi a ƙasar Hausa a ƙarni na 18.

Shekaru da dama ya yi yana rakiyar Shehu yawon wa'azi a Zamfara da Kabi, yana koyarwa yana kuma kare da'awar da waƙoƙin Larabci. Lokacin da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Shi ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yunin shekarar, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa aka ci Birnin Kabi a 1805.

Nasarar ta zo da abin da ya ɗaga masa hankali. Manyan abokan gwagwarmaya masu ilimi da tsoron Allah sun yi shahada a yaƙe-yaƙen farko, musamman a Tsuntsuwa da Alwasa. Cikin waɗanda suka rage ya ga wasu sun karkata ga tara dukiya da dawakai, da neman muƙami, da cin ganima ba bisa ƙa'ida ba. Wajen shekarar 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka.

A Kano tafiyar ta tsaya. Jama'ar birnin, waɗanda ba su daɗe da karɓar mulki ba, suka roƙe shi ya zauna ya nuna musu yadda ake tafiyar da al'amura bisa shari'a. Ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkam. Littafin ya yi bayanin yadda ake naɗa shugaba, da haƙƙoƙin da ke wuyansa, da sharuɗɗan waziri, alƙali da sauran wakilai, da hukunce-hukuncen jihadi da siyasar shari'a. A cikinsa ya ja kunnen masu mulki kan karɓar toshiya da kuma mai da shugabanci gadon gida maimakon zaɓen wanda ya cancanta. Daga nan ya fasa tafiyar ya koma wurin Shehu, kuma a 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi.

Ko da yayansa ma Abdullahi bai ɓoye saɓanin fahimta ba. Sun sha bamban kan amfani da sunayen sarauta irin na da, da kiɗan tambura, da tufafin ƙawa ga shugabanni. Shehu ya ɗauki hanyar sassauci inda malamai suka yi saɓani, shi kuwa Abdullahi ya fi tsanantawa, don tsoron kada tsohon salon mulki ya dawo da sabon suna. Kowannensu ya rubuta hujjojinsa a littafi, kuma saɓanin bai raba zumuncinsu ba.

A 1812 Shehu ya raba kula da daular gida biyu: yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. Ɓangaren yamma ne daga baya ya haɗa da Nupe, Ilorin da Yawuri, har zuwa Say da Liptako da ke cikin Nijar da Burkina Faso na yau. Ɓangaren gabas kuwa ya miƙa har kwarin Binuwai, inda Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, ya kafa Masarautar Muri, wadda fadarta ke Jalingo a yau.

Babban gwaji ya same shi a 1817, da Shehu ya rasu. Kafin ya iso Sakkwato an riga an yi wa Bello mubaya'a, sai ya juya ya koma Gwandu. Tsakaninsu ya yi sanyi na wasu shekaru, har mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, Bello ya taho da runduna ya taimake shi. Bayan nasarar Abdullahi ya yi wa ɗan yayansa mubaya'a, aka tabbatar da Giɗaɗo ɗan Laima a matsayin wazirin Sakkwato. Wannan sulhu ya tsare daular daga rabewa tun tana jaririya.

Sauran rayuwarsa ya fi ba da ita ga koyarwa da rubutu, ya bar yawancin harkokin mulki a hannun 'ya'yansa da na ɗan'uwansa. Babban aikinsa shi ne tafsirin Diya'ut Ta'awil, wanda daga baya ya taƙaita shi a Kifayatu Du'afa'is Sudan don sauƙaƙa wa ɗalibai, bisa mazhabar Malikiyya da ruwayar Warshu da mutanen ƙasar nan suka saba da ita. A nahawu ya nazamta Al-Bahrul Muhit, a sarfu kuma Al-Hisnur Rasin. Tazyinul Waraƙat ya ƙunshi waƙoƙinsa da labarin jihadin daga bakin wanda ya halarce shi; Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Ibadan a 1963.

Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 bayan Hijira, daidai da 1829, kuma a can kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sannan Halilu, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Gwandu har yau, a fadar da ke Birnin Kebbi mai ɗauke da sunansa.

Ana ci gaba da karanta littattafansa a zaurukan malamai da sassan Larabci da nazarin Musulunci na jami'o'in Najeriya da Nijar. Matsalolin da ya yi rubutu a kansu, wato amanar dukiyar jama'a, cancantar alƙali da iyakar ikon shugaba, suna nan a gaban masu mulki da talakawa kusan shekara 200 bayan rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.