Likita Barau Dikko, Likitan Farko Na Jihar Arewa

Ma'aikata da malaman makaranta da yawa sun san asibitin Barau Dikko na Kaduna, amma kaɗan ne suka san irin hanyar da mai sunan ya biyo.

An haife shi a ƙasar Zazzau cikin 1912, ya tashi cikin 'yar ƙaramar jama'ar Hausawa da Filani Kirista da suka taru wurin Likita Mila na Mishan. Cikinsu har da zuriyar Isawa, waɗanda kakanninsu suka gudu daga Kano zuwa duwatsun Ningi, maƙwabtan Birnin Kudu da Gwaram, bayan an kashe shugabansu Malam Ibrahim. Zaman jama'ar nan cikin birnin Zariya bai yi daɗi ba, ana yi musu kallon waɗanda suka bar gida, har cikin 1929 aka mai da Mishan ɗin Wusasa.

To, a nan ne abin lura yake. Kwalejin Katsina, wadda ta fid da manyan Arewa, an kafa ta ne domin 'ya'yan Musulmi. Yaro irin Dikko ba shi da gado a sarauta ko alƙalanci, ba shi da abin dogara sai takarda. Saboda haka ya nufi King's College a Ikko, daga can ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila, ya komo da digirin likita, ya kama aikin Gwamnati cikin 1940. A ganinmu ƙofar da aka rufe masa ita ce ta tura shi inda 'ya'yan gata ba su kai ba tukuna.

Cikin 1948 yana cikin waɗanda suka aza harsashin Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka kuwa zaɓe shi shugabanta na farko a taron Kaduna na 1949, alhali galibin 'yan taron Musulmi ne. Da ta zama jam'iyyar siyasa cikin 1951, doka ta hana ma'aikatan Gwamnati shiga, ya sauka. Ko da babu dokar, da wuya sarakuna su jeru bayan Kirista ranar zaɓe. Ya ci gaba da aikin lafiya har ya zama Babban Sakataren ma'aikatar.

Cikin 1967 Yakubu Gawon, wanda shi ma tashin Wusasa ne, ya naɗa shi Kwamishinan Ma'adinai da Lantarki na Tarayya, daga baya ya riƙe Sufuri. Ya rasu cikin 1977.