Mary Slessor: Matar Da Ta Riƙe Kotun Okoyong

In aka ambaci Mary Slessor a majami'a, abin da kan zo a ran jama'a shi ne ceton tagwaye a ƙasar Kalaba. Ba kasafai akan tuna cewa ta yi shekaru tana aikin gwamnati ba, a zamanin da mace ba ta da ko ƙuri'a a ƙasarsu.

An haife ta a Aberdeen ta ƙasar Sikotland a 1848. Tun tana shekara 11 take aiki a masaƙa a Dundee, domin mahaifinta mashayi ne, gidan kuma ba wadata. A 1876 ta sauka Kalaba a ƙarƙashin mishan na Firesbiteriyan. A 1888 ta nausa cikin Okoyong, inda shari'a ita ce a ba wanda ake zargi wani wake mai guba da suke kira esere. In ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu an ce laifinsa ne ya ci shi.

Da Turawa suka so kafa kotu a wurin, Mary ta nuna musu cewa baƙon jami'i wanda bai ji harshen mutane ba fitina kawai zai tayar. Sai Sir Claude MacDonald ya ɗora mata aikin ita kanta, a 1892 ta zama mataimakiyar Konsal, wato wakiliyar gwamnati kuma alƙaliya.

Aikin ba sauƙi. Sarakunan da take zama da su maza ne, jami'an da take aika wa rahoto su ma maza ne. Ba ta da soja, ba ta da ofis na a zo a gani. Abin da take da shi Efik ne a bakinta, ba ta bukatar tafinta, ta kuma san dangantakar gidaje da tsoffin rigingimunsu. Takan zauna da saƙarta a hannu, wani lokaci da jariri a cinya, ta bar masu ƙara su yi ta magana har fushinsu ya huce, sa'an nan ta yanke hukunci. Wata mace, Ma Eme, 'yar'uwar sarki Edem, ita ke sanar da ita a asirce in ana shirin zubar da jini. Ba don ita ba, da wuya Mary ta riƙa isa kan lokaci.

A 1905 aka naɗa ta mataimakiyar shugaban kotun gargajiya a Ikot Obong, ta ƙi karɓar albashin. Ba za a ɓoye ba, kujerar nan ta mulkin mallaka ce, kotunan kuwa sun taimaka wa Turawa kafa ikonsu. Amma mata da yawa da ba wanda zai saurari kukansu sun sami mai sauraro a kotunta.

Zazzaɓi ya cinye ƙarfinta. Ta rasu a Use Ikot Oku ranar 13 ga Janairu, 1915, aka binne ta a Duke Town. Sai a 1918 matan Birtaniya suka fara samun ƙuri'ar zaɓen majalisa.