Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato (1910–1966): Jagoranci a Cikin Al'umma Mai Ƙabilu da Addinai Mabambanta

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ta fuskar yadda ya haɗa mutane masu bambancin harshe da addini a gwamnati ɗaya, a lokacin da dokokin rabon muƙamai da na shari'a suke ta sauyawa. An duba tasowarsa, da manufar Arewantar da aikin gwamnati, da gyaran shari'a na 1958 zuwa 1960, da kuma wuraren da jagorancin nasa ya kasa kaiwa ga kowa.

1.0 Gabatarwa

Jihar Arewa da Sardauna ya shugabanta ta ƙunshi larduna goma sha biyu, daga baya suka zama goma sha uku, kuma ta fi sauran jihohin Nijeriya faɗin ƙasa da yawan jama'a. A cikinta akwai Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa da Tibi da Igala da Idoma da Yarabawan Ilori da Kabba, da ɗaruruwan ƙananan ƙabilu na Filato da Adamawa da kudancin Zariya. Akwai masarautun da suka gaji tutar Shehu, akwai Borno mai tarihinta na daban, akwai kuma al'ummomin da ba su taɓa shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ba sai da Turawa suka haɗa su da ita a taswira ɗaya. Yadda jikan Mujaddadi ya riƙe wannan taro na tsawon shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni shi ne abin da aka sa a gaba a nan.

2.0 Asali da Tasowa

An haifi Ahmadu a garin Raba a shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Raba, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan karatun allo ya shiga makarantar lardi ta Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931. Wannan kwaleji ta tara 'ya'yan larduna dabam-dabam, kuma daga cikinta aka sami yawancin waɗanda ya yi aiki da su daga baya, kamar Abubakar Tafawa Balewa da Aliyu Makaman Bida da Shettima Kashim Ibrahim da Isa Kaita.

Ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato har zuwa 1934, lokacin da aka naɗa shi hakimin Raba. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, amma ɗan'uwansa Abubakar na Uku ya samu. Sai aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. Gusau garin jirgin ƙasa ne da kasuwancin gyaɗa da auduga, cike da baƙi daga kudu da Turawan kamfanoni, don haka a can ya fara gogayya da jama'ar da ba irin tasa ba. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa hukuncin ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. A 1948 ya tafi Ingila nazarin mulkin ƙananan hukumomi, a shekara mai bi mata kuma ya shiga Majalisar Dokokin Arewa.

3.0 Hawa Mulki a Zamanin Sauye-sauye

Tsakanin 1946 da 1960 an sauya tsarin mulkin Nijeriya sau da dama, kowane sauyi kuwa yana zuwa da sabon ma'aunin wakilci. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka dage sai an ba jiharsu rabin kujerun majalisar tsakiya, kuma tsarin mulkin 1951 ya amince da haka. A 1952 Sardauna ya zama Ministan Ayyuka, daga baya aka ba shi ma'aikatar ƙananan hukumomi. A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a cire ƙayyadaddiyar shekara, a bar abin sai lokacin da ya dace. Dalilinsa a fili yake: Arewa ba ta da isassun masu ilimin boko da za su riƙe ofisoshi idan Turawa suka tafi. Cin mutuncin da aka yi wa wakilan Arewa a Legas da rikicin Kano na watan Mayun 1953, wanda ya ci rayuka 36, suka ƙara masa ƙarfin wannan ra'ayi. A 1954 aka zaɓe shi shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ranar 1 ga Oktoba na shekarar kuma ya zama Firimiya.

4.0 Majalisarsa da Ma'aikatansa

Taken jam'iyyarsa ya yi kira ga Arewa ɗaya da al'umma ɗaya ba tare da duban addini ko matsayi ko ƙabila ba. Abin da ya sa wannan take ya wuce fatar baki shi ne jerin mutanen da suka zauna a majalisar ministocinsa a lokuta dabam-dabam. Aliyu Makaman Bida, Banufe, ya riƙe ma'aikatar kuɗi, kuma shi ne yake riƙon ƙwarya idan Firimiya ya yi tafiya. Isa Kaita ya riƙe ilimi. Daga cikin Kiristoci akwai Peter Achimugu daga ƙasar Igala, da Fasto David Lot da Michael Audu Buba daga Filato, da George Ohikere daga ƙasar Ibira, da Abutu Obekpa daga Idoma. Wasu daga cikinsu sun fito ne daga ƙungiyoyin da suka yi fafitikar ware tsakiyar ƙasa daga Arewa, aka jawo su ciki ta hanyar sulhu da muƙami. A 1962 Shettima Kashim Ibrahim, Babarbare, ya zama Gwamnan jihar, wanda hakan ya ba Borno matsayin da ya dace da tarihinta.

Haka abin yake a aikin gwamnati. Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, Kirista ne daga Wusasa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu. Dakta Ishaya Audu, shi ma daga Wusasa, ya zama likitan Firimiya na musamman. Sunday Awoniyi, Bayaraben Kabba, yana cikin matasan jami'an mulki da suka yi aiki kusa da shi, tare da irin su Ali Akilu, wanda ya karɓi muƙamin sakataren Firimiya daga hannun Bature Bruce Greatbatch a 1963. Salon Sardauna shi ne ya ɗora wa matashi nauyin da ya fi shekarunsa, ya bi sawun aikin da kansa, ya tsawata idan an yi sakaci, ya kuma yi kyauta mai yawa. Wannan salo ya haɗa tarbiyyar fada, inda uban gida yake ɗauke da nauyin yaransa, da ƙa'idar ofis ta Turawa, inda fayil da jarrabawa suke da ƙarfi.

5.0 Manufar Arewantar da Aiki

Lokacin da ya hau mulki, manyan muƙaman jihar suna hannun Turawa, yawancin akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da gidan waya kuwa mutanen kudu ne. Manufar Arewantar da aiki ta tanadi cewa idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a fara ɗauka, idan babu sai a nemi baƙo daga waje a kan kwantiragi, ɗan kudu kuwa sai in an rasa duka biyun. Hikimar fifita baƙon waje ita ce kwantiraginsa zai ƙare ya koma gida, gurbin ya jira yaron da ake horarwa.

Sardauna ya san cewa dokar fifiko ba ta haifar da ƙwararre, saboda haka ya haɗa ta da horarwa. Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya ta riƙa yaye matasan da suka maye gurbin Turawan mulki a larduna, ta kuma horar da alƙalai da ma'aikatan En'e. An ba da guraben karatu zuwa ƙasashen waje, an ƙarfafa wa 'yan sakandare guiwa su shiga soja, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962. Bankin Arewa da masaƙar Kaduna da gidan rediyo da talabijin na Kaduna duk sun buɗe guraben aiki ga waɗanda aka horar.

Abin lura shi ne waɗanda suka fara cin moriyar manufar. Da yake makarantun mishan sun fi yawa a lardunan Kabba da Ilori da Binuwai da Filato da kudancin Zariya, 'ya'yan waɗannan wurare ne suka cike gurabe masu yawa a farkon lamari. Ta haka kalmar ɗan Arewa ta sami ma'ana ta zahiri ga Kiristan Kabba, domin ita ce ta ba shi aiki da ƙarin girma. Amma wannan faɗaɗawa ta cikin gida ta zo da ƙuntatawa ga 'yan kudu, musamman Inyamurai, waɗanda da yawa suka rasa ayyukansu ko aka hana su sababbi, alhali wasunsu a Arewa aka haife su. Gabar da wannan ya haifar tana cikin abubuwan da suka dagula siyasar Jamhuriya ta Farko.

6.0 Tsoron Ƙananan Ƙabilu da Gyaran Shari'a

A 1957 Turawa suka kafa kwamitin Willink don ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu. Rahotonsa na 1958 bai goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai dai ya ba da shawarar sanya haƙƙoƙin ɗan'adam cikin tsarin mulki, ya kuma bayyana koken waɗanda ba Musulmi ba game da kotunan alƙalai. A shekarar ce gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan. A ɓangaren 'yan gida akwai Shettima Kashim da Peter Achimugu da babban alƙalin Bida. Sakamakon aikin shi ne kundin dokokin hukunta laifuka guda ɗaya da ya hau kan kowa daga 1960, aka bar wa shari'ar Musulunci al'amuran aure da gado da makamantansu, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Shawo kan sarakuna da malamai su karɓi wannan sauyi aiki ne da ba kowa zai iya ba sai mai irin nasabarsa.

Darasin Arewacin Kamaru ma ya nuna yadda yake karɓar gyara idan ƙuri'a ta yi magana. A 1959 mutanen yankin suka zaɓi a ɗage batun makomarsu, abin da aka fassara da ƙin mulkin En'e na Adamawa da Dikwa. Aka sake tsarin mulkinsu, aka yi musu alkawarin lardi nasu na kansu, a ƙuri'ar Fabrairun 1961 suka zaɓi Nijeriya, aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna.

7.0 Inda Inuwar Gamji Ba Ta Kai Ba

Ƙasar Tibi ta ƙi NPC, ta bi jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka, kuma yadda aka yi amfani da En'e wajen matsa wa 'yan adawa ya jawo tarzoma a 1960 da 1964, har sai da aka tura soja. 'Yan NEPU na Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala a kotunan sarakuna. Matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba a duk tsawon mulkinsa, ko da yake matan kudu suna jefawa, kuma masu neman wannan haƙƙi irin su Gambo Sawaba sun sha gidan yari. Bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962 da zamansa mataimakin shugaban Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ya shiga rangadin musuluntarwa a tsakanin masu bin addinin gargajiya. Shi yana ganin aikin gadon kakanninsa ne, amma ganin Firimiya da kansa a gaban wannan aiki ya tayar da hankalin Kiristoci da yawa, har da wasu na cikin gwamnatinsa, domin ya sa su tambayar matsayinsu a Arewa ɗayar da aka yi musu alkawari.

8.0 Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Da asubahin ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka kai hari gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A watan Mayun 1967 aka raba Arewa jihohi shida, wato abin da ya yi shekaru yana hanawa. Duk da haka ma'aikatan da ya horar ne suka riƙe sababbin jihohin da ma'aikatun tarayya, Ishaya Audu kuma ya shugabanci jami'ar da ke ɗauke da sunansa daga 1966 zuwa 1975. Gidansa ya zama cibiyar binciken tarihi ta Arewa House.

9.0 Kammalawa

Tambayar da Sardauna ya fuskanta, wato yadda za a ɗaga wanda aka bari a baya ba tare da an zalunci wanda ya riga ya cancanta ba, ita ce ta sake dawowa a tsarin mulkin 1979 da sunan daidaiton wakilci a muƙaman tarayya. Rayuwarsa ta nuna cewa dokar rabo tana yin amfani ne idan an haɗa ta da makaranta da horo da shugaban da yake sanin mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma nuna cewa duk iyakar da aka shata don tara wasu tana barin wasu a waje, kamar yadda ya faru ga 'yan kudu mazauna Arewa da 'yan adawa da mata. Masu nazarin adabin siyasa na Hausa, musamman waƙoƙin NPC da NEPU na wancan zamani, suna da fage mai faɗi na gano yadda talakawa da kansu suka fahimci wannan haɗaka da wannan wariya.