Thomas Edison da Makunnin Fitila

Idan magariba ta yi a Gawu Babangida, kuma aka yi sa'a akwai wuta, ƙaramin yaro ma yana iya miƙa hannu ya danna makunni a jikin bango, ɗaki ya haskaka. Ɗakin da ke kusa kuwa yana nan da duhunsa sai mai shi ya ga dama. Wannan sauƙi yana da tarihi, kuma babban suna a cikin tarihin shi ne Thomas Edison.

An haifi Edison ran 11 ga Fabrairu, 1847, a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka. Bai daɗe a makaranta ba, mahaifiyarsa ce ta koyar da shi a gida. Yana ɗan shekara 12 ya fara tallar jaridu cikin jirgin ƙasa, daga baya ya koyi aikin wayar tangaraho. A shekarar 1876 ya kafa ɗakin gwaje-gwaje a Menlo Park, ya tara ƙwararrun ma'aikata.

Mutane da yawa suna cewa shi ya ƙago ƙwan lantarki. Maganar ba haka take ɗungurungum ba, domin Joseph Swan na Ingila da wasu sun yi irin wannan aiki. Akwai ma fitilun lantarki na kan titi tun kafin nasa, amma haskensu ya fi ƙarfin ɗaki. Ana kuma jera su a kan waya guda kamar 'ya'yan carbi, in hanyar wutar ta yanke a wuri ɗaya sai duk su mutu. Abin da Edison yake nema shi ne ƙaramar fitila wadda mai gida zai kunna ya kashe ba tare da ya taɓa ta maƙwabcinsa ba.

A watan Oktoba na 1879 ya sa zaren auduga da aka mayar gawayi cikin ƙwan gilashi da aka zuƙe wa iska. Ya ci fiye da awa 13. Daga baya ya koma amfani da gora daga Japan, wadda takan ci fiye da awa 1,000.

Sai dai ƙwai shi kaɗai ba ya haskaka gida, kuma a nan ne hikimar Edison ta fi bayyana. Ya gina manyan injunan samar da wuta, ya binne wayoyi ƙarƙashin tituna. Ya ba kowane ƙwai nasa reshen waya, don haka mutuwar ɗaya ba ta shafar saura. Ya yi mariƙi mai murɗi, irin wanda har yau ake murɗa ƙwai a ciki, da ɗan makunni a jikinsa. Saboda tsoron gobara ya sa fis, wato 'yar siririyar waya wadda takan narke ta yanke wuta idan ta yi yawa. Sannan ga mita, domin mai sayar da wuta dole ya san abin da aka sha. Mitarsa abin mamaki ce: faranta ne na tutiya cikin ruwan sinadari, ma'aikata su zo su ɗauka su auna nauyinsu, daga nan a lissafa kuɗin wata.

Ran 4 ga Satumba, 1882, aka buɗe tasharsa ta Titin Pearl a birnin Niyok. Da tsarin ya gaza, da mutane sun ci gaba da fitilun iskar gas, dukiyar masu zuba jari ta salwanta. Fitilu suka kama.

Edison ya yi kuskure babba guda. Wutarsa mai gudu ta fuska ɗaya ce, ba ta wuce kamar mil guda daga tasha. George Westinghouse da Nikola Tesla suka fito da wuta mai kai da komowa, wadda ake ɗaga ƙarfinta da taransfoma a aika da ita nesa. Edison ya yi ta sukarta, yana cewa tana da haɗari, ya ƙi sauka daga ra'ayinsa har kasuwa ta juya masa baya. Irin wutar abokan hamayyarsa ce ke fitowa yau daga madatsun ruwa na Kainji da Shiroro a jihar Neja.

Ya rasu ran 18 ga Oktoba, 1931, yana da shekara 84. A daren da aka binne shi, Shugaba Herbert Hoover ya roƙi Amurkawa su kashe fitilunsu na minti ɗaya. Ba a tsayar da injunan wutar ƙasar ba. Kowa ya miƙa hannu ya kashe tasa a gida.