Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya samo lantarki daga maganaɗisu

Duk janaretan da ke ruri a shagunan cajin waya na garin Kamba, har ma da manyan injinan madatsar ruwa ta Kainji, suna aiki ne bisa abin da wani ɗan maƙeri ya gano a Landan a 1831.

An haifi Michael Faraday a 1791 cikin talauci. Bai yi nisa a karatu ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, inda ya riƙa karanta waɗanda aka kawo masa. A 1813 masanin sinadarai Humphry Davy ya ɗauke shi mataimaki.

Faraday ya lura cewa idan aka motsa maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, wuta na gudana. Da zarar an tsayar da shi, sai ta ɗauke. Sai a 1897, shekara 30 bayan rasuwarsa, aka gano elektron, ɗan mitsitsin da ke cikin ƙwayar zarra, wanda motsin maganaɗisun ke ingizawa.

Ya ƙi karɓar sarautar Sir, ya kuma ƙi taimaka wa gwamnatin Birtaniya haɗa makamai masu guba lokacin yaƙin Crimea. Ya rasu a 1867.