Nana Asma'u

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo (1793–1864) malama ce kuma marubuciyar waƙoƙin addini a Daular Sakkwato. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ayyukanta da suka iso wannan zamani sun kai kimanin 60. An fi saninta da waƙoƙin bege da wa'azi da tawassuli, waɗanda ta tsara domin matan da ba su iya karatu ba su haddace su da ka.

Farkon rayuwa

An haife ta a Degel a shekarar 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da shekara kusan 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta ga yunwa da yaƙe-yaƙen jihadi da idonta tun tana yarinya. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tasawwufin Ƙadiriyya a gidansu. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ɗanta Abdulƙadir ma ya riƙe wazirci daga baya.

Tsarin waƙoƙinta

Ta rubuta waƙoƙin Hausa da na Fulatanci da ajami, bisa tsarin ƙasidar Larabci. Akan buɗe da ambaton Allah da salatin Annabi (S.A.W), a rufe da godiya, sau da yawa tare da ramzi, wato haruffan da ke nuna shekarar da aka gama waƙar. Amsa-amo ɗaya ne yake bin ƙarshen baitoci daga farko har ƙarshe. Amfanin wannan ga mai hadda babba ne, domin idan ta manta wani layi, karin waƙar da amsa-amon su ne ke dawo da ita kan hanya.

Sunago misali ce mai kyau. A cikin baiti 30 kacal ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114, ta yadda macen da ba ta taɓa riƙe allo ba za ta san su duka. Ta fara yin ta da Fulatanci a 1829, sannan aka samu ta Hausa a 1838. A 1831 ta mayar da Tabbat Haƙiƙa, waƙar mahaifinta ta Fulatanci, zuwa Hausa. Ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara layuka har kowane baiti ya zama mai ƙwar biyar. A Tawassuli Ga Mata Masu Albarka ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa mata da Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sa matan jama'ar Shehu waɗanda masu sauraro suka sani a cikin jerin. Begore kuwa doguwar waƙa ce mai bin tarihin Annabi cikin shauƙi.

Zaɓin harshe ba ado ba ne a wurinta. Larabci na malamai ne, Fulatanci na danginta, amma mafi yawan matan karkara da waɗanda aka kamo a yaƙi Hausa suke ji, kuma da yawansu da bori suka saba. Su ne ta nufa da waƙoƙin Hausa.

'Yan Taru

A shekarun 1830 ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa mai hankali a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani a matsayin shaidar izini. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan matan da ba su yi aure ba, saboda su ne ke da damar tafiya, su zo wurin Nana su ɗauki waƙa, su koma ƙauye su biya wa matan aure da ke cikin gida.

Kamanceceniya da Indiya

Irin wannan sauka daga harshen malamai zuwa na talakawa ya faru a arewacin Indiya, ko da yake aƙidar ta sha bamban ƙwarai. Mawaƙan addinin Hindu irin su Mirabai ta ƙarni na 16 da Tulsidas, wanda ya mutu a 1623, sun bar harshen Sanskrit suka yi waƙa da harsunan da ake dangantawa da Hindi a yau. Waƙoƙin da ake kira bajan gajeru ne, suna da amshi, kuma mawaƙi yakan sa sunansa a baitin ƙarshe. A can ana rera su da kiɗa a wurin bauta. Na Nana Asma'u kuwa don karantarwa aka yi su, ana rera su da baki kawai.

Rasuwa

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. 'Yar'uwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru. A 1989 Jean Boyd ta wallafa tarihinta da Turanci, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta tare da fassara. Makarantun mata da dama a Arewacin Najeriya suna ɗauke da sunanta.